Ni Na Yi Godiyar, Taubashina Ya Yi Kukan

Na daɗe ina ɗaga wannan rubutu. Kaye uku, wato littattafan rubutu, na saya dominsa, kowanne in na cika shafi ɗaya da rabi sai in yage in jefa a murhu. Karatuna bai wuce aji shida na lakwal ba, kuma ni mutum ne mai yawan tunani, in na kulle ɗaki sai na dawo sau biyu na taɓa kwaɗon. Ina tsoron in faɗi abu ba yadda ya faru ba in ɗauki alhaki. Ina tsoron a ce wata jam'iyya ce ta turo ni. To ba wanda ya turo ni, kuma ba zan kama sunan kowa ba, ko na mutum ko na gidan rediyo. Abin da ya yanke mini jinkiri shi ne gwaggona da ke Tsibiri, ƙanwar mahaifina. Idonta ya tafi, ƙarfinta kuma yana bin bayansa. Ɗanta nake nema. Ni ne sanadin tafiyarsa, kuma an daɗe ba mu ji ɗuriyarsa ba.

A Jiratawa aka haife ni. Wanda ya san wurin ya san filin noman rani, inda inji ke jawo ruwa ya zuba a kanal, kanal kuma ya rarraba shi gona gona. Kowa da ɗan fegin da ƙungiyar manoma ta rubuta da sunansa, kowane layi da ranar ruwansa. Muna noma zogale da tattasai da albasa, wasu su sa alkama. Ɗan gwaggon nawa a Tsibiri ya tashi. Da mahaifinsa ya rasu gonar geronsu ba ta ishe su ba, sai ya dawo wajen dangin uwa, aka ba shi fegi jikin nawa. Shi ɗan mace ne, ni ɗan namiji, saboda haka taubasai muke. Ina ce masa bawana, yana ce mini ubangida, kuma bai taɓa faɗin kalmar ba tare da dariya ba. Bai yi lakwal ba, amma in ya ji magana sau biyu ta zauna masa. Ni in zauna ina lissafin abin da zai iya lalacewa, shi yana bisa kunya yana waƙa.

Shekarar da abin ya faru injin ya tsufa. Da duk kwana huɗu ruwa ke zagayo mana, sai ya koma kwana tara, wani lokaci goma. Albasa ta ƙi yin kai, tattasai ya riƙa zubar da fure. Akwai wani dapite, wato ɗan majalisa, da muka zaɓa, wanda lokacin neman ƙuri'a ya zo har bakin kanal, ya cire takalmi ya shiga laka, ya ce in ya ci sabon inji ne aikinsa na farko. Ya ci. Damina biyu ta wuce ba mu sake ganinsa ba. Sai ga saƙo cewa zai zo rangadi, kuma da ƴan jarida zai zo.

Dattawa suka zauna gindin itacen bedi don tsara abin da za a faɗa masa. A nan sai na yi bayani, domin a kan wannan al'ada komai ya rataya. A wurinmu ba a kai wa babba kuka kai tsaye. Mutum biyu ake tsayarwa. Na farko ya yi shimfiɗa, ya yi maraba, ya yi godiya, ya tuno duk alherin da aka taɓa yi wa garin ko da rijiya ce ta zamanin kakanni. Na biyu sai ya ɗora kukan a kai. Magana ɗaya ce aka raba wa baki biyu, kamar buhun da mutum biyu suka kama. Duk wanda ya girma a nan ya san godiyar ba yarda ba ce, kukan kuma ba rashin kunya ba ne.

Aka ce ni zan yi kukan tunda na yi lakwal, taubashina ya yi godiyar tunda bakinsa da zaƙi. Na yago takarda ɗaya daga kaye, na rubuta godiyar a gaba, kukan a baya. Kwana uku ina gyara. A ƙarshen kukan na sa wata magana da ta burge ni ƙwarai a lokacin. Ga ta yadda take a takardar, don tana gabana yanzu: Ranka ya daɗe, ranar da ka zo neman ƙuri'a ka cire takalmi ka shiga lakar kanal ɗin nan. Yau ko da takalminka ka shiga ba abin da zai taɓa shi, domin kanal ya bushe kamar yadda alkawari ya bushe.

Ranar zuwan, da hantsi, na hango motoci sun jeru, jandarmomi suna dirowa. Sau biyu ina zagayawa bayan gari. Taubashina ya same ni bayan ɗakin inji ina riƙe da takardar.

Ya ce, "Ubangida, mi ya same ka? Ka yi kamar kazar da ruwa ya doka."

Na ce, "Bawana, ba zan iya ba. Bakina ya bushe, ko miyau babu."

"Kwana uku kana rubutu, ashe ba ka rubuta ma kanka zuciya ba?"

"Bar wasa. Dubi bindigogi."

Ya leƙa, ya dawo yana dariya. Ya ce, "Waɗanga ko tsuntsu ba su taɓa harbi ba. To ba ni kukan, kai ka ɗauki godiyar. Dama kaya mai nauyi na bawa ne, ubangida sai riƙon sanda."

Na karanta masa bayan takardar sau uku. Da ya zo kan maganar takalmi ya buga cinya, ya ce wannan kam ta yi gishiri. Ban gaya wa dattawa mun yi musanya ba. Da suka ga na fara miƙewa sai suka dubi juna.

Ƴan jarida biyu ne suka zo, daga gidajen rediyo biyu na Maraɗi. Mutane ba sa kiran gidajen da sunansu. Ɗaya ana ce mata rediyon masu ci, domin mai ita yana tare da waɗanda ke kan mulki. Ɗayar ana ce mata rediyon masu jira. Kowane ɗan jarida ya miƙo na'urarsa kusa da bakina. Na yi godiyar tiryan tiryan, na yaba hanya, na yaba asibitin haihuwa, na yi addu'a, na zauna. Taubashina ya tashi ya yi kukan, bai rage ko kalma ba, bai kuma ɗaga murya ba. Da ya faɗi maganar takalmi sai wata tsohuwa daga baya ta ce haka ne. Dapite ya yi murmushi, har ya miƙa masa hannu, ya ce an ji. Bayan sun tafi dattawa suka sa mana albarka. Mu a ganinmu buhun ya isa inda aka aike shi.

Washegari da azahar muka taru gindin bedi don jin labarai. Aka fara kama rediyon masu ci. Mai karatu ya ce manoman Jiratawa sun nuna farin cikinsu da ayyukan dapite, ga abin da wakilinsu ya ce. Sai na ji muryata. Godiyar duka aka sa, har addu'ar. Muka jira sauran. Sai aka shiga labarin farashin wake. Wani ya murɗa zuwa ta masu jira. Can kuma aka ce manoman Jiratawa sun kunyata dapite a gaban jama'a, sai ga muryar taubashina, kuma ba duk kukan ba, maganar takalmi kaɗai. Sati guda suna maimaita ta safe da yamma, har suka haɗa ta da kiɗa. Cikin gidajen biyu ba wanda ya faɗi kwana nawa ruwa ke yi kafin ya zagayo.

Wani dattijo da ke zaune kan turmi ya ce, "Ɗaya ta ɗauki kai, ɗaya ta ɗauki wutsiya, saniyar kuwa tana nan kwance da ƙishirwa."

Wani ya ce, "Duk kanwar ja ce, Baba. Kashe ta mu huta, ka rage wa pil ɗinta wahala, kada ya ƙare a banza."

An yi dariya kaɗan. Ni ban yi ba. Tun ranar matasa suka sa mini suna mai godiya, wasu suna cewa an ba ni wani abu a ɓoye. Shi kuma taubashina har daga wasu garuruwa ake zuwa ganin mutumin da ya gaya wa dapite gaskiya. Da farko abin yana ba shi dariya.

Na kasa zama. Na sa takardar a aljihu na hau kabu-kabu na shigo Maraɗi. A gidan farko na zauna kan benci tun hantsi har aka kira azahar, sannan ɗan jaridar da ya ɗauki muryata ya fito. Na nuna masa gaba da bayan takardar, na ce magana ɗaya ce, rabi suka sa.

Ya ce, "Malam, muryarka ce ko ba taka ba?"

"Tawa ce. Amma shimfiɗa ce, ɗan uwa. Kai ma ai ɗan ƙasar nan ne, ka san shimfiɗa."

Ya dubi ƙofa, ya rage murya. Ya ce, "Na sani. Duka na kawo. Amma ka san mai gidan nan, ni kuma ina da iyali. Ka yi haƙuri."

A gida na biyu an karɓe ni da fara'a, har da ruwan sanyi. Wanda na samu ya saurare ni da kyau. Sai ya ce in na yarda in faɗa cewa mutanen dapite ne suka saye ni na yi godiyar, yanzu zai kunna na'ura, kuma da yamma duk Maraɗi za ta ji. Na ce ba wanda ya saye ni. Ya ce to ba labari ke nan. Na fito na tsaya bakin titi ina tunanin ko na gode masa da ruwan, don ban tuna ba.

Bayan kamar sati uku ƙungiyar manoma ta kira taro. Waɗanda ke riƙe da biro, wato shugabancin ƙungiyar, a lokacin mutanen dapite ne. Shugaban ya ce an kunyata baƙo, kuma saboda haka maganar inji ta mutu. Ya ce wanda ya yi wannan ba ma ɗan gari ba ne, daga Tsibiri ya zo, albarkacin uwarsa aka ba shi fegi. Aka kawo kuma cewa ya taɓa buɗe ruwa ba ranarsa ba, abin da a shekarar nan ba wanda bai yi ba, har ni. Sannan shugaban ya dube shi ya ce, "Kai ba ka yi lakwal ba. Wa ya tsara maka wannan magana?"

Takardar tana aljihuna. Ina jin ta a ƙirjina. Taubashina ya dube ni sau ɗaya, ba da harara ba, irin duban da yake mini in ya ga na tsaya ina ƙirga damuwa. Sai ya ce, "Ba kowa. Bakina ne, ni na hwaɗi."

Na ce a raina bari ya gama sai in tashi. Ya gama ban tashi ba. Na ce bari shugaban ya gama. Ya gama. Dattawan da suka aike mu kowa ya sunkuyar da kai yana jan carbi. Aka yanke cewa a karɓe fegin. Don kada a ce an yi zalunci, in ji shugaban, za a ba ɗan uwansa, mutum mai ladabi wanda ya san godiya. Aka tambaye ni ko na karɓa. Na yi tunanin in na ƙi wani za a ba, in na karɓa zan riƙe masa amana. Haka na gaya wa kaina, kuma har yau ban tabbata ko wannan ne dalilin ba ko tsoron in ce a'a ne. Na ce na karɓa.

A waje na bi shi har bakin gona. Na fara magana ya ɗaga hannu. Ya ce, "Ubangida ya gaji bawa. Ai haka malamai sunka ce." Ya yi abin da ya yi kama da dariya. Ya shafa ɗaya daga cikin zogalen da ya shuka da hannunsa, ya ce, "Ka shayar da su, su ba su san siyasa ba." Ya koma Tsibiri ya yi damina ɗaya. Da kaka ya ce wa mahaifiyarsa zai tafi arewa wajen haƙar zinariya. Sau ɗaya ya kira daga Agadas a wayar wani. Daga nan shiru.

Inji bai zo ba. Mu da kanmu muka riƙa lallaɓa tsohon, wasu suka haƙa ƴan rijiyoyi. Da mulki ya juya, masu ci suka koma masu jira, sai rediyon da ta sa godiyata ta shiga kawo labarin bushewar kanal kullum, wadda ta yi kiɗa da maganar takalmi kuma ta ce manoma na cikin wadata. Dapiten kansa ya sauya jam'iyya, na ji shi da kunnena yana magana a gidan da ya yi sati yana masa dariya. Mutanenmu ba su ma yi fushi ba, sun gaji. Abin da ya fi damuna shi ne tun daga ranar ba a sake tsayar da mutum biyu a Jiratawa ba. In babba ya zo, a taru a tafa a watse. In ɗan jarida ya miƙo na'ura, a ce lafiya lau, a juya baya. Hanyar da kakanninmu suka bar mana ta gaya wa mai iko gaskiya ba tare da an ci mutuncinsa ba, a hannuna ta mutu.

Na kasa jure sunan mai godiya, na kwashe iyalina na dawo Sabon Gari a Maraɗi, inda nake da tebur ina sayar da ganye. Ranar ruwa in hau babur in je in shayar da fegi biyun. Ko ganye ɗaya na fegin taubashina bai taɓa shiga tukunyar gidana ba. Buhunsa daban, igiyarsa daban, kuma in na yi shakkar wane buhu ne na wane fegi sai in haɗa duka biyun a nasa. Tsibiri nake kai wa gwaggo. Shekara da shekaru tana karɓa, ta sa albarka, ba ta taɓa tambayata komai ba. Kullum na je ina tarar da ƴar rediyonta a gefen tabarma, a kan gidan da ya taɓa sa muryar ɗanta, ko a ranta tana zaton wata rana za su sake sawa.

Bara da rani na je na same ta a inuwar zaure, na ce ina da magana. Na fito da takardar na karanta mata gaba da baya, na gaya mata musanyar da muka yi bayan ɗakin inji, da shirun da na yi a taro. Na gama ina jiran ta kore ni.

Ta ce, "Ɗan nan, ka gama?"

"Na gama, Gwaggo."

"Tun ranar da anka sa muryar na sani. Ni na haihe shi. Shi na dariya ne, bai iya ƙulla magana haka ba. Da na ji zancen takalmi na ce wanga ɗan wana ne mai lakwal."

"To me ya hana ki yi mini magana duk shekarun nan?"

"Ina jira ka kawo ta da ƙahwarka. Ka daɗe bisa hanya."

Na ce ta yafe mini. Ta lalubo kaina ta dafa. Ta ce, "Ni ba ka ci mani komi ba, zogale ma ka ciyar da ni. Wanda ka ci ma wa, nemo shi. In ji muryatai ba cikin akwati ba."

Daga nan na tafi Jiratawa. Biro ya sauya hannu, wasu daga cikin dattawan sun rasu. Na roƙa aka ba ni dama a taro, na tsaya na karanta takardar har ƙarshe. Na ce ni na rubuta, ni aka aika, shi ya ɗaukar mini. Ba wanda ya zage ni, ba kuma wanda ya yaba. Sun ce za a sake rubuta sunayen masu fegi bayan girbin bana, in ya zo da kansa za a mayar masa da nasa. In bai zo ba dole a rubuta sunan wanda ke noma wurin, wato ni, kuma daga nan ba gyara.

Na kai cigiya gidajen rediyon biyu, an karanta, ba wanda ya zo. Ban yi mamaki ba, don ƙanwarsa ta gaya mini cewa tun kafin ya tafi, in aka kunna rediyo tashi yake ya bar wurin. Shi ya sa na koma ga rubutu, ko wani zai karanta ya gane shi, ko ya karanta masa.

To ga roƙona ga duk wanda wannan ya isa hannunsa, musamman direbobin hanyar arewa da waɗanda suka yi aiki a ramukan zinariya. Mutum ne dogo, baƙi, mai zanen Gobirawa, yanzu zai kai shekara arba'in da ɗoriya. Ƙaramin yatsansa na hagu a lanƙwashe yake, ƙofar ruwa ta kanal ce ta taɓa datse shi. In abu ya ba shi dariya yana buga cinya. In kun san inda yake, ku gaya masa mahaifiyarsa na da rai amma ba ta gani, zogalensa suna nan ana shayar da su, kuma ubangidansa ya tashi a taro ya faɗi wanda ya rubuta maganar takalmi. Ba sai ya yi mini magana ba, ya zo dai kafin girbi. In kuma Allah ya yi masa rasuwa, ku daure ku faɗa mini a ina, kuma wa ya yi masa sutura, don in san abin da zan gaya wa gwaggo. Ku bar saƙo wurin masu sayar da zogale a Sabon Gari, ko wurin kowane manomi a Jiratawa. Ku ce a ba mai godiya, kowa ya san ni da shi.